Baƙon Kaka da 'Ya'yan Tumfafiya

A wani ƙauye da ke gabas da Maraɗi, inda gidajen Kirista ba su wuce goma sha biyar ba, akwai wani tsoho da yara da manya ke kira Baba Dattijo. Ba sarauta ba ce. Dattijon ikkilisiya ne, ɗaya daga cikin mutum uku da ke riƙe da mabuɗin ɗakin sujada, suna ƙidaya baiko ran Lahadi, suna shiga tsakani idan miji da mata sun saɓa. Yatsu uku ne suka rage masa a hannun dama, domin kuturta ta cinye sauran tun yana saurayi, kafin a kai shi asibitin kutare na Danja, kudu da Maraɗi. A can ya warke, a can ya koyi haɗa baƙi, a can kuma ya ba da gaskiya ga Almasihu. Ɗalibin Hausa zai lura cewa daga wannan furuci na "ba da gaskiya" aka samo kalmar bangaskiya. Mutum yana miƙa amincewarsa ga wani kamar yadda ake miƙa ajiya, abin da ake miƙawa kuwa yana iya faɗawa hannun da bai cancanta ba.

Baƙon ya iso ne a ƙarshen kaka, lokacin da rumbuna suka cika, kuɗin gyaɗa da wake suka fara shiga aljihu. Wanda ya san ƙauye ya san ba a rasa baƙi a irin wannan lokaci: maroƙa, 'yan koli, masu magani, da dangin da ba a ji ɗuriyarsu ba tun bara. Ya sauka daga motar kasuwa da akwati ɗaya da 'yar amsa-kuwwa mai batir, ya ce Ubangiji ne ya aiko shi ya yi taron farkawa na kwana uku. Da aka tambaye shi wasiƙar shaida daga ikkilisiyar da ya fito, kamar yadda aka saba, sai ya yi murmushi ya ce Ruhu ne wasiƙarsa. Tsohon bai ja magana ba. Bahaushe ya ce baƙonka annabinka, wasiƙar Ibraniyawa ma ta tuna wa masu bi cewa akwai waɗanda suka sauki mala'iku a gidajensu ba su sani ba. Ya share masa ɗakin zaure, matarsa ta dama fura.

Gaskiya ita ce baƙon yana da baiwa. Muryarsa tana kai wa bakin rijiya ko da batir ya mutu. Yana kawo aya da sura da lamba ba tare da ya buɗe Littafi ba. Tsakar dare ana jin addu'arsa har da kuka, da rana kuma yakan mai da tuwo ya ce yana azumi. Mutanen da suka shekara ashirin suna gyangyaɗi a ƙarƙashin wa'azin mai bisharar garin, wani dogon mutum mai i'ina wanda ke karanta aya sau biyu kafin ya fassara ta, sai suka ji kamar yau ne aka fara yi musu wa'azi. Kwana uku suka zama bakwai, bakwai suka zama wata. A mako na biyu akwatin ya buɗe, aka ga ƙananan kwalabe na mai, kowace jaka biyu ta sefa, wanda ba shi da kuɗi kuma ya kawo hatsi. A mako na uku aka fara jin koyarwar shuka iri: duk abin da mutum ya ba bawan Allah zai dawo masa riɓi ɗari kafin damina. Wata gwauruwa ta sayar da akuyarta guda ɗaya tak. A mako na huɗu ya ce mai shan ƙwayar asibiti bayan an shafa masa mai yana ƙaryata Allah ne a fili.

Tun daga kwalaben nan zuciyar tsohon ta ƙi kwanciya, amma bakinsa ya yi nauyi, kuma dalilansa ba na banza ba ne. Shi ba malami ba ne. In aka shiga jayayyar ayoyi, baƙon zai shanye shi kamar ruwa. Yana kuma tsoron kada ya zagi aikin Ruhu Mai Tsarki da sunan tsare garke, zunubin da tun yana Danja aka gargaɗe shi a kai. Sa'an nan ga ƙarancinsu. A ƙasar da Kirista ba su kai kashi biyu cikin ɗari ba, ikkilisiya mai gida goma sha biyar in ta rabu biyu, babu ɓangaren da zai iya haƙa kabari shi kaɗai. Bayan wannan duka, ɗansa na fari, wanda saboda kunya bai taɓa kiran sunansa ba, shi ne ke riƙe wa baƙon amsa-kuwwa. Saboda haka ya yi abin da ya iya. Ya zauna a zaure yana tufka igiya da yatsunsa uku, yana kallo.

Abin da yake nema ya gani shi ne tsarki, kalmar kuwa tana da faɗi a Hausa fiye da yadda mai koyo yake zato. A bakin yau da kullum, mutum ya yi tsarki yana nufin ya wanke jikinsa da ruwa bayan ya kewaya. Tsarki ya bambanta da tsabta: riga tana iya zama fes, ba ta da ko ɗigon datti, amma ba ta da tsarki. Waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, sun ɗauki wannan kalma suka ɗora mata nauyin keɓewa domin Allah, har ta zama sunan Littafin kansa. Wahalar da ke ciki ita ce tsarkin da ake nufi a nan ba ya bayyana a fuska. Labarin zuciya, in ji masu magana, a tambayi fuska, amma su ɗin ne kuma suka ce Musa a baki, Fir'auna a zuci. Karin magana biyu ne da ba su jituwa, kowanne kuma yana da ranarsa.

A sura ta 7 ta Bisharar Matiyu, Yesu ya gargaɗi almajiransa game da annabawan ƙarya masu shigar tumaki, ya kuma ba su ma'auni ɗaya, wato abin da itace ke haifarwa. A wannan wuri Hausa ta yi wa mai karatu gata. A Faransanci da Ingilishi, kalmar abin da itace ke bayarwa dabam take da kalmar abin da mutum ke haifa. A Hausa kalma ɗaya ce: 'ya'ya. Mangwaro yana 'ya'ya, mutum yana 'ya'ya, malami ma yana da 'ya'ya, su ne almajiransa. Bahaushen da ya ji an ce a gane mai koyarwa ta wurin 'ya'yansa ba zai tsaya ga halin mutumin kaɗai ba, zai waiwaya ya dubi waɗanda suka sha daga bakinsa, ya ga irin mutanen da suka zama. A wannan sura ɗin kuma an ambaci waɗansu da za su zo da shaidar annabci da fitar da aljanu da mu'ujizai, a kore su duk da haka. Ashe abin mamaki ba ya cikin abin da ake aunawa.

Manomi ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. A bakin kowace hanya a ƙasar Maraɗi akwai tumfafiya, kore shar ko a tsakiyar rani, ganyenta fato-fato, 'ya'yanta manya kamar ɗanyen mangwaro. Yaron birni yakan ruga ya tsinka. In ya matsa sai ta fashe, ba kome a ciki sai iska da ɗan audugar da ke tashi, ga farin ruwa mai cutar da ido. Gawo kuwa da damina, lokacin da kowane tsiro ke taƙama, shi yake zubar da ganye ya tsaya kamar busasshe. Sai rani ya shigo yake yin ganye, ya ba da inuwa, ya zubo wa awaki 'ya'yansa, hatsin da aka shuka a gindinsa kuma ya fi na ko'ina kyau. Wanda ya zo gari ya kwana uku da damina zai rantse gawo matacce ne.

Tsohon bai taɓa jin sunan Didake ba, amma da an karanta masa da ya ce mutanen garinsu ne suka rubuta shi. Ɗan ƙaramin littafi ne na Girkanci, daga ƙarshen ƙarni na farko ko farkon na biyu, wanda ya ɓace shekaru aru-aru har wani malamin ikkilisiyar Otodoks mai suna Filotiyos Biriyeniyos ya same shi a wani ɗakin littattafai a Santambul a 1873, ya buga shi a 1883. Ƙananan ikkilisiyoyin da aka rubuta wa shi suna fama da wannan matsala sak: masu yawo suna zuwa da sunan manzanci ko annabci, ba a san asalinsu ba. Shawarar da littafin ya bayar ba ta da ado ko kaɗan. A karɓi baƙon da girmamawa. Ya kwana ɗaya, in da larura biyu. In ya kai uku, akwai magana. In zai tafi a ba shi guzurin da zai kai shi masauki na gaba. In ya nemi kuɗi, na ƙarya ne. In ya ce Ruhu ya umarta a shirya abinci sa'an nan ya zauna ya ci, na ƙarya ne. In yana koyar da gaskiya amma ba ya aikata ta, na ƙarya ne. In ya roƙa domin waɗansu mabukata, kada a hana shi. Matafiyin da ke son zama kuma, in yana da sana'a, ya yi aiki ya ci. Wanda ya ƙi, littafin ya ba shi suna mai zafi, mai fatauci da Almasihu.

Abin lura shi ne littafin ya san tsoron da ke cin tsohon. A wuri guda ya hana a gwada annabin da ke magana cikin Ruhu, nan take kuma ya ce ba duk mai magana haka ne annabi ba, sai wanda halinsa ya yi kama da na Ubangiji. Wato an bar wahayin, wanda ba mai iya aunawa, aka koma ga abin da ko tsohuwa mai dakan hatsi za ta iya ƙidayawa: kwana nawa, kuɗi nawa, wa ya ci. Ba don wasa aka yi wannan taka-tsantsan ba. Wani marubuci mai ba'a na ƙarni na biyu, Lusiyan mutumin Samosata, wanda ba Kirista ba ne, ya ba da labarin wani Feregirinus da ya shiga cikin Kiristocin Falasɗinu ya zama babba, suka riƙa yi masa hidima har a kurkuku. Lusiyan ya yi musu dariya cewa duk mai wayon da ya faɗa cikinsu zai yi arziki nan da nan. Karimcinsu ne ƙofar da ɓarawo ke bi, ba su kuwa yarda su toshe ta ba.

Daga zaure, ga abin da tsohon ya gani cikin mako shida. Baƙon da ke mai da tuwon rana yana aiken yaro sayen tsire bayan an yi barci. Wannan bai dame shi sosai ba, yunwa ba zunubi ba ce. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne da safe mutumin yakan bari a ci gaba da yabon azuminsa. Ya ga bai taɓa tambayar sunan mara lafiyar da ya shafa wa mai ba, bai kuma taɓa komawa ya duba shi ba. Ya ga yadda ya daka wa yaron da ke ɗebo masa ruwa tsawa don ya zubar da kaɗan a takalminsa. Da mai bisharar garin ya ce masa, cikin i'inarsa, ayar riɓi ɗari ba ta maganar akuya take ba, baƙon bai buɗe Littafi ba, sai ya ce duk wanda ya taɓa shafaffe na Allah ba zai ga damina ba. Sa'an nan tsohon ya dubi 'ya'yan. Matan zumunta da suka saba kai wa gwauruwar nan miya sun daina, domin an ce rashin dawowar akuyarta alamar ɓoyayyen zunubi ce. Samari sun koyi ɗaga murya, sun manta gaisuwa. Maƙwabta Musulmi, waɗanda a da in rigimar iyakar gona ta tashi sukan ce a kira Baba Dattijo domin ba ya karkata, sun fara tambaya ko yanzu addu'a ma kwalba ake sa ta.

Da a ce baƙon yana azumin nan da gaske, da ma bai isa shaida ba, kuma a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Ana ɗaukar tsananta wa jiki a matsayin tsarki, alhali kuwa manzo Bulus, a wasiƙarsa ga Kolosiyawa da ta fari ga Timoti, ya lissafa hana aure da hana abinci da wahalar da jiki cikin alamun koyarwar da ta kauce. Afirka ta ga wannan da idonta. A Kanungu ta ƙasar Yuganda, mabiyan wata ƙungiya mai da'awar maido da Dokoki Goma sun sayar da dukiyarsu, sun rabu da kwanciyar aure, suna yawan azumi, har magana sukan yi da hannu don gudun kada harshe ya yi ƙarya. Ran 17 ga Maris 2000 aka ƙone ɗaruruwansu a cikin ɗakin sujada, da aka haɗa da gawawwakin da aka tono a gidajen ƙungiyar, adadin ya haura 700. A 2023 kuma, a dajin Shakahola kusa da Malindi ta ƙasar Kenya, an tono gawa fiye da 400 na mutanen da aka ce an koya musu su yi azumi har mutuwa don su sadu da Yesu, da yawansu yara. Babu wanda zai ce waɗannan mutane ba su da himma. Amma tsarkin da ke sa uwa ta hana ɗanta ruwa, ko me ake kiransa, bai yi kama da wanda ya ciyar da taron jama'a don kada su suma a hanya ba.

Tsohon yana da jikanya 'yar shekara bakwai mai ciwon farfaɗiya, wadda yake tsokana da suna amarya, ita kuma tana ce masa tsohon miji mai rowa. Shekara biyu tana shan ƙwaya kullum, ana karɓowa daga asibiti wata-wata, ciwon ya lafa. A mako na biyar uwar yarinyar, da yardar mijinta, ta zuba ƙwayoyin a masai. Tsohon ya ji labari a ranar. Tsakanin suruki da matar ɗa akwai kunya, ba ya iya tsayar da ita ya yi mata faɗa, sai ya aika matarsa. Amsa ta dawo cewa maigidan ne ya ce. Ya yi niyyar kiran ɗan, ya ce bari a ga ƙarshen mako, wataƙila baƙon ya tafi da kansa. Irin wannan magani kuwa ba a yanke shi farat ɗaya. Ran kwana na shida da yamma, yarinyar tana zaune kusa da murhu, ciwon ya buge ta, hannunta na hagu ya faɗa cikin garwashi.

Da aka dawo daga asibiti, bayan sujadar Lahadi, tsohon ya miƙe a gaban kowa. Bai kawo aya ko ɗaya ba.

"Malam," ya ce, "yau kwananka arba'in da biyu a zaurena, ban kuwa gaji da kai ba. In kana son zama, ga lambuna a fadama, mu raba biyu, ka ja ruwa ka ci. In ya yi maka nisa, ana buga tubalin katangar ɗakin sujada, ka sa hannu. Abu biyu kawai nake roƙo. Kuɗin kwalabe a ƙidaya su a gaban mutum biyu kamar yadda muke yi da baiko, a fara da mayar wa baiwar Allah nan akuyarta. Na biyu, ka zo mu je ka duba yarinyar."

"Baba, kana gwada Ruhu ne?"

"A'a, ɗana. Ruhu ya fi ƙarfina. Kai nake tambaya."

Baƙon ya ce zai nemi fuskar Ubangiji a kan maganar. Kafin asuba ya bi motar farko, da akwatinsa da amsa-kuwwarsa, bai yi sallama da kowa ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, haka ake faɗa, sai dai ba kowa ne ya yarda an kai ƙarshen ramin ba. Gida huɗu suka ce an kori bawan Allah, suka daina zuwa sujada, suna taruwa a wani gida suna jiran dawowarsa. Ɗan farin tsohon yana cikinsu. Ya toshe ƙofar da ta haɗa sashensa da na mahaifinsa, ya fasa wata ta waje.

Bayan mako biyu wani saurayi ya zo zaure da dare, wanda a da kowa ya san shi da shan ƙwaya da dukan ƙannensa, ya bari tun daren farko na wa'azin baƙon. Ya durƙusa ya ce, "Baba, in mutumin nan na ƙarya ne, to tubana fa? Ita ma ƙarya ce?" Tambayar ta girmi ƙauyen da shekaru fiye da dubu da ɗari shida. Bayan tsanantawar da sarkin Rum Diyokletiyan ya fara a 303, Kiristocin Afirka ta Arewa sun rabu a kanta. Mabiyan Donatu suka ce shugaban da ya miƙa littattafai masu tsarki don tsoron mutuwa, baftismarsa ba ta da amfani, duk wanda ya yi wa sai an sake. Agustin, bishop na Hifo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, ya tsaya a kan cewa alherin na Almasihu ne, ba na hannun da ya miƙo shi ba, aka kuma yi babban zama a kan rigimar a Kartaj a 411. Bulus ma, yana ɗaure, ya san akwai masu wa'azin Almasihu don kishi da son kai, bai ce abin da suka faɗa game da Almasihu ya zama ƙarya ba. Halin mai koyarwa yana nuna ko za a bi shi, ko za a ba shi mabuɗi da amanar yara. Ba ya mai da kowace kalmar da ta fito bakinsa guba. Tsohon bai san Agustin ba. Ya ce wa saurayin, "Ruwan da ka sha, rijiya ce ta ba ka ko guga? Gugan ya yage. Gobe ka zo mu je lambu."

Akwai kuma kuskure na ɗaya gefen, wanda masu tsananin bincike kan faɗa ciki, su mai da ma'aunin ya zama neman mutum mara aibi. Da haka ne da mai bisharar garin ya fara faɗuwa. Yana da saurin fushi, ya taɓa marin wani yaro a ajin Lahadi, wa'azinsa kuma har yau yana sa barci. Amma a ranar da ya yi marin, da yamma ya je gidan iyayen ya durƙusa a gaban yaron. Shekara ashirin littafin baiko yana buɗe ga duk mai son dubawa. Shi ya ɗauki jikanyar tsohon a babur zuwa asibiti, ya kwana uku a kan tabarma a bakin ɗakin. Jerin sharuɗɗan shugaban ikkilisiya da ke sura ta 3 ta wasiƙar fari ga Timoti kusan duk na hali ne, kamewa, karɓar baƙi, rashin son kuɗi, riƙon gida, da kyakkyawar shaida a wurin waɗanda ba sa cikin ikkilisiya. Gwaninta ɗaya ce a ciki, iya koyarwa. Ko Bitrus sai da Bulus ya tsauta masa a fili a Antakiya. Bambancin da tsohon ya gani tsakanin mutanen biyu bai wuce wannan ba: ɗaya in an nuna masa laifinsa yakan sunkuyar da kai, ɗayan yakan la'anci mai nunawa.

Shi ya sa ma'aunin bai bar shi kansa ba. Itace yana bukatar lokaci kafin a ga 'ya'yansa, haƙurin tsohon kuma shi ya hana a yi wa baƙo ƙazafi. Amma ya riga ya ga abin da ya isa tun mako na huɗu, kwana shidan ƙarshe kuwa ba haƙuri ba ne, tsoron ɓacin ran ɗansa ne da tsoron a ce kuturu ya kori annabi. Ran Lahadin da ta biyo baya ya sake miƙewa, ya faɗi haka da bakinsa a gaban gida goma sha ɗaya da suka rage, ya ajiye mabuɗin ɗakin sujada a kan teburi, ya ce su ba wanda ya fi shi ƙarfin zuciya. Aka yi shiru. Gwauruwar nan ce ta tashi ta ɗauka ta mayar masa a tafin hannu, ta ce, "Riƙe, Baba. Wanda ya ƙone ya fi sanin wuta." Da kaka ta zagayo, ikkilisiya ta haɗa tiya-tiya ta hatsi aka saya mata 'yar akuya.

Hannun yarinyar ya warke, amma yatsu biyu sun manne. Takan ɗora shi a kan na kakanta ta ce yanzu sun zama daidai, sai a ɗaura aure. Shi ke kai ta karɓo magani kowane wata a amalanken jaki, domin uwar ta koma ba ta ƙwayar a ɓoye tun kafin mijin ya sani, daga baya kuma ya sani ya yi kamar bai sani ba. Gida biyu daga cikin huɗun sun dawo da damina. Sauran biyun har yanzu suna ajiye da kwalabensu.

Wata goma sha ɗaya ɗan bai gai da mahaifinsa ba. Ran nan da asuba, ranar karɓo magani, tsohon ya fito da fitila zai ɗaura wa jaki amalanke, sai ya tarar an riga an ɗaura, an shimfiɗa tabarma, yarinyar tana zaune a kai cikin mayafin uwarta. Ɗan yana tsaye riƙe da igiya, kansa a ƙasa.

"Baba, ina kwana. Ka koma ka kwanta, ni zan kai ta."

Tsohon ya ɗaga fitilar ya dubi ɗaurin, ya ga an yi shi daidai. Ya laluba aljihunsa.

"Katin asibitin yana wurina," ya ce. "Kuma ba ka san ƙofar da ake bi ba. Amarya, matsa mini."